Sau nawa za a iya kunna wa yaro na'urar maganin asma a dare ɗaya?

Maman_Halilu: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina zaune a Tawa, kuma ɗana mai shekara 6 yana fama da asma tun yana ɗan shekara 3. Bara da sanyi sai da muka kai shi babban asibiti sau biyu cikin dare, suka saka masa abin rufe hanci da baki wanda magani yake fitowa daga cikinsa kamar hayaƙi, kuma kafin a yi minti 15 ƙirjinsa ya buɗe. Da ƙanena da ke Abijan ya ji labari sai ya aiko mana da irin wannan na'ura, muka sayi salbutamol na ruwa, maganin buɗe ƙirji da ake zubawa a cikinta, a farmasi. Tun da hunturun bana ya shigo da ƙurarsa kusan kowane dare sai na kunna masa, daren jiya kuwa sau uku na yi kafin asuba. Tambayata ita ce, sau nawa mutum zai iya yi a dare ɗaya ba tare da ya cutar da yaro ba? Sannan idan maganin ya yi kaɗan a cikin ɗan kofin, zan iya ƙara masa ruwan gora mai tsabta?

BaAdare77: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Halilu lafiya. Mu ma muna da ita a gida saboda tsohonmu, kuma ban ga abin da ya kai ta amfani ba. A ganina idan dai yana samun sauƙi duk lokacin da kika yi masa, ki ci gaba, domin ai abin da za su yi masa ke nan ko da kin kai shi asibiti.

Majo_Yamai: Malam BaAdare, ka yi mini haƙuri, amma a nan ba zan yi shiru ba, domin wannan shawarar tana iya jawo asarar rai. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa a Yamai, kuma abin da ake yi a asibiti ya wuce kunna na'ura. Muna maƙala wa yaro ɗan abin auna iskar oksijin a yatsa, idan ta sauka ƙasa da kashi 92 cikin 100 mun san abin ya yi tsanani, sai mu tura maganin da oksijin, lita 6 zuwa 8 a minti, maimakon iskar ɗaki da na'urar gida take hurawa. Muna kuma ba shi prednisolone ko makamancinsa don kumburin da ke cikin hanyoyin numfashi ya sauka, sannan muna tsaye a kansa muna ƙirga numfashi da bugun zuciya. Gaskiya ne a asibiti akan maimaita salbutamol kowane minti 20 a cikin awa ta farko, amma da idon ma'aikaci a kai da oksijin a kusa ake yin haka.

Maman Halilu, amsar tambayarki ta farko ita ce, salbutamol yana fara aiki cikin mintuna kaɗan kuma aikinsa yakan ɗauki awa 4 zuwa 6. Idan kin yi masa sau ɗaya bai samu sauƙi ba, ko sauƙin bai kai awa 4 ba ƙirjin ya sake rufewa, to ciwon ya fi ƙarfin gida, kuma lokacin tafiya asibiti ya yi ko da ƙarfe 2 na dare ne. Sau uku kafin asuba da kika ambata ya riga ya wuce wannan iyaka. Ina roƙonki ki kai shi wurin likita yau, ko da kin ga yana wasa.

Maman_Halilu: Na gode Majo. Gabana ya faɗi da na karanta, domin ni a tunanina taimakonsa nake yi. Yanzu haka yana tsakar gida yana wasa, tari kawai yake ɗan yi.

Majo_Yamai: Taimakonsa kike yi, ƴar uwa, kuma babu wanda zai zarge ki. Asma haka take, takan lafa da rana ta taso da dare, musamman gab da asuba, shi ya sa wasan da yake yi yanzu ba zai gaya miki yadda daren yau zai kasance ba.

Farmasiya_Konni: Bari in amsa tambaya ta biyu, tunda ta shafi aikina. Kada ki zuba ruwan gora, ko na pompo, ko wanda aka tafasa, a cikin kofin na'urar. Ruwan da babu gishiri a cikinsa yana iya sa hanyoyin numfashi su ƙara tsukewa idan aka shaƙe shi a matsayin tururi, ban da ƙwayoyin cutar da za su iya bin sa kai tsaye zuwa huhu. Abin da ake ƙarawa shi ne ruwan gishirin asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin 100, wanda muke kira serom fiziyolojik, na cikin ƙananan robobi da ake buɗewa a yi amfani da su sau ɗaya.

Akwai wani abu kuma da nake yawan gani a bakin kanta. Salbutamol na na'ura yana zuwa iri biyu. Akwai na ƙananan robobi da aka riga aka haɗa, kowace mililita 2.5 ce, wata tana ɗauke da miligiram 2.5 wata kuma miligiram 5, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya, sai an karanta rubutun jiki. Akwai kuma na kwalba mai ƙarfi, miligiram 5 a kowace mililita, wanda dole a auna shi a surka da serom. Uwa tana iya saba wa ɗanta da mai 2.5, wata rana a miƙo mata mai 5 ba ta lura ba, ta ninka masa magani ba da saninta ba. Ƙananan yara yawanci 2.5 ake rubuta musu, manya kuma 5, amma likitan da ya ga yaron ne zai yanke. Ki duba wanda ke hannunki ki gaya mana, kuma ki tafi da kwalin wurin likita.

Maman_Halilu: Na duba Hajiya, an rubuta 2.5, kuma na robobi ne. Ruwan gora sau ɗaya na taɓa zubawa, ba zan sake ba.

Tanti_Bukoki: Ni abin da ya tsorata ni da maganin nan shi ne rawar hannu. Ranar da aka fara yi wa jikata, hannuwanta suka kama makyarkyata, zuciyarta tana bugawa da sauri har ina jin ta a tafin hannuna, na ɗauka wani ciwon ne ya shigo. Likita ya ce aikin maganin ne kuma zai wuce, ya kuwa wuce bayan ɗan lokaci. Na faɗi wannan ne don kada wata ta firgita kamar yadda na firgita.

Farmasiya_Konni: Haka ne Tanti, rawar hannu da bugun zuciya da ciwon kai sanannu ne, kuma sun fi fitowa da na'ura saboda yawan maganin da take bayarwa. Fesa ɗaya na ƙaramin pompon shaƙa mikirogiram 100 ne, roba ɗaya mai miligiram 2.5 kuwa daidai take da fesa 25 a lissafi, ko da yake da yawansa yana tashi a iska ba ya kai wa huhu. Idan ana maimaitawa da yawa yana rage sinadarin potasiyom a jini, wanda zuciya take buƙata don bugawa daidai. Saboda haka ina so Malam BaAdare ya gaya mana ko tsohonsu yana shan maganin hawan jini ko na zuciya.

BaAdare77: Na karɓi gyara, Majo, Allah ya saka da alheri, ban san da maganar oksijin ba. Hajiya, Baba yana shan maganin hawan jini da wani na fitsari saboda kumburin ƙafa. Shekarunsa sun haura 70, kuma ba a taɓa ce masa yana da asma ba sai a ƴan shekarun nan da numfashi ya fara yi masa wuya idan ya kwanta.

Majo_Yamai: Malam BaAdare, wannan bayanin naka ya fi damuna fiye da na farko. Dattijo mai hawan jini da kumburin ƙafa, wanda numfashi yake yi masa wuya idan ya kwanta har sai ya tashi zaune, sau da yawa zuciya ce ta gaza tura jini yadda ya kamata ruwa ya taru a huhu. Ƙirjinsa yana iya yin kuka irin na mai asma, amma salbutamol ba ya kwashe ruwan, sai dai ya ƙara wa zuciyar da ta gaji gudu. Ba ina cewa abin da ke damun Baba ke nan ba, tunda ban gan shi ba, kuma akwai tsofaffin da huhunsu ya toshe saboda taba ko hayaƙin itace waɗanda maganin yake yi musu amfani sosai. Abin da nake cewa shi ne a kai shi a duba zuciyar kafin a ci gaba. A kuma tafi da duk magungunansa cikin leda ɗaya, domin maganin fitsari irin furosemide shi ma yana zubar da potasiyom, sannan magungunan hawan jini irin propranolol suna tsuke hanyoyin numfashi kuma suna hana salbutamol aiki.

Malamin_Lakkwal: Ina bin wannan muhawara da kyau domin ni kaina mai asma ne tun ƙuruciya, kuma ina ganin har yanzu ba a taɓo gindin matsalar Halilu ba. Me ya sa yake tashi kowane dare? Na shafe shekaru ina yawo da Ventoline, wato pompon shaƙa na salbutamol, a aljihu, ina fesawa a aji, ina fesawa a masallaci, ina ganin ai na riƙe ciwona. Sai da wani likitan huhu a Yamai ya zaunar da ni ya zana mini hoton bututun iska a takarda, ya nuna mini cewa abu biyu ne suke faruwa: naman da ke kewaye da bututun yana matsewa, cikin bututun kuma yana kumbura yana tara majina. Salbutamol yana sassauta matsewar ne kawai, kumburin yana nan yana jira. Ya rubuta mini beclometasone, abin shaƙa da ake yi safe da yamma kowace rana ko da mutum yana jin garau, ya ce in riƙa kurkure baki bayan na shaƙa don kada farin ƙuraje su fito mini a baki. Makonni biyun farko ban ga wani bambanci ba har na kusa dainawa, amma daga baya na lura ina kwana har asuba ba tari. Ya kuma gaya mini cewa wanda yake ƙarar da gwangwanin salbutamol 3 ko fiye a shekara, alhali kowane yana da fesa 200, yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo. Ni a lokacin kusan kowane wata nake sayen sabo. Tun 2019 ma ƙungiyar GINA, wadda take fitar da jagorar maganin asma ta duniya, ta daina ba da shawarar a riƙe manya da matasa da salbutamol shi kaɗai. Maman Halilu, idan kin je ki tambayi likita a kan maganin rigakafin nan na kullum, domin shi ne zai sa na'urar ta koma cikin kwalinta.

Inna_Koufan: Ni dai ina tsoron abin shaƙar nan na kullum. Mutane suna cewa idan yaro ya saba da shi ba ya rabuwa da shi har abada, kuma yana raunana zuciya. Wata maƙwabciyata ta hana a ba ɗanta saboda haka, ta fi yarda da na'ura tunda ita sai ciwo ya taso ake kunnawa.

Malamin_Lakkwal: Inna, da girmamawa, na ji wannan maganar tun ina yaro kuma ita ce ta hana iyayena karɓar mini shi da wuri. Maganin ba ya sa jaraba irin ta taba ko goro. Wanda ya daɗe yana shaƙa, ciwon ne ya daɗe tare da shi, kuma likita yakan rage yawan maganin idan an yi watanni ciwon yana kwance. Yara da yawa ma sukan samu sauƙi sosai idan sun girma.

Uban_Tagwaye: Akwai abin da ba a ambata ba, wato wuta. Na'urar da lantarki take aiki, kuma mu a nan Tawa kowa ya san wuta tana iya ɗaukewa a daren da ka fi buƙatarta. Haka ta faru da mu, yarinya tana haki, muna riƙe da na'ura a cikin duhu. Tun daga ranar wata ma'aikaciyar jinya a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ta koya mana yin amfani da pompon shaƙa tare da gorar roba ta rabin lita. Ana huda gindin gorar daidai girman bakin pompon a cusa shi ya zauna daram, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a girgiza pompon a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau 5 ko 6 a hankali, sannan a sake fesawa har adadin da likita ya ce. Mun ga yana aiki, kuma ba ya buƙatar wuta ko serom.

BaAdare77: Gorar ruwa kuma? Ina ganin wannan dabarar rashin kuɗi ce kawai, da wuya ta kai na'ura.

Majo_Yamai: Uban Tagwaye ya faɗi gaskiya. An gwada gorar rabin lita a kan yara masu asma a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1999, inda aka ga tana aiki daidai da bututun da kamfani yake ƙerawa don wannan aiki, kuma littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara a asibiti ya ambaci wannan dabarar. Ga tashin ciwon da bai yi tsanani ba, pompo tare da gora ko bututun farmasi yana buɗe ƙirji kamar yadda na'ura take yi, da ƙarancin rawar hannu da bugun zuciya. A Ingila ma hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi a 2022 cewa kada iyaye su sayi na'ura da kansu don maganin tashin asma ga yara a gida sai da umarnin ƙwararren likita, saboda an rasa yara waɗanda sauƙin ɗan lokaci ya sa aka jinkirta kai su asibiti. Ni ba na cewa Maman Halilu ta jefar da kyautar ƙanenta, amma likita ne ya kamata ya rubuta mata a takarda lokacin da za ta kunna, da yawan maganin, da lokacin da za ta bar komai ta ɗauki yaro.

Hajiya_Madawa: A gaya mana alamomin da ba a jira da su, domin mu da ke nesa da babban asibiti sai mun nemi mota.

Majo_Yamai: Hajiya, idan yaro ya kasa ƙarasa magana ɗaya ba tare da ya tsaya jan numfashi ba, ko ya kasa shan ruwa ko nono, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa tana shigewa ciki da kowane numfashi, a tafi. Idan leɓɓansa ko harshensa sun sauya zuwa shuɗi ko toka-toka, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi ba ya gane mutane, wannan gaggawa ce ta ƙarshe. Abin da ya fi yaudarar iyaye shi ne lokacin da kukan ƙirjin ya yi shiru alhali yaron yana ci gaba da wahala, sai a ɗauka sauƙi ne, nan kuwa iskar da ke shiga ce ta yi ƙarancin da ba ta iya yin ƙara. A ci gaba da ba shi pompon shaƙa tare da gora a cikin mota, a zaune, kada a kwantar da shi.

Tanti_Bukoki: Ina da tambaya a kan aro. A gidanmu na haya na'ura ɗaya ce take zagaya ɗakuna, duk wanda ɗansa ya kama tari sai ya aiko a ba shi, har da mai jariri ɗan wata 4.

Farmasiya_Konni: Tanti, injin kansa ana iya aronsa, amma kofin magani da abin rufe fuska da tiyo kowa ya mallaki nasa. A Hausa muna kiran asma fuka, muna kuma cewa tarin fuka ga wani ciwon daban mai yaɗuwa, kuma mutane suna rikita su. Wanda ya yi tari fiye da mako 2, yana ramewa, yana gumin dare, gwajin kaki yake buƙata, kuma idan aka ba shi aron abin rufe fuska ana iya kai cutar ɗakin wani. Jariri ɗan wata 4 kuwa, kukan ƙirjinsa yawanci daga ƙwayar cutar mura ce da ta sauka cikin ƙananan bututun huhu, salbutamol ba ya yi masa wani amfani, a kai shi a duba shi. Game da wanki, bayan kowane amfani a kwance kofin da abin rufe fuskar a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a bar su su bushe da kansu a kan tsumma mai tsabta cikin ɗaki, ba a rana ko inda ƙura take sauka ba. Ba a zuba ruwa a cikin tiyo. A bayan injin akwai ɗan farin matacin iska, a ƙurar ƙasarmu yana saurin yin baƙi, a riƙa dubawa ana sauyawa. Robobin maganin a ajiye su cikin takardarsu mai ƙyalli a wuri mafi sanyi a ɗaki, kada a bar su a mota ko kan taga a zafin watan Afrilu. Kuma don Allah kada a ɗiga man zafi ko wani mai a cikin kofin, na sha jin masu yin haka.

Inna_Koufan: Turaren wuta fa? Ni na lura jikana yana fara tari da zarar an saka shi a ɗaki, haka ma maganin sauro na kunnawa.

Malamin_Lakkwal: Kin lura daidai Inna, su biyun nan da hayaƙin murhu da shara a rufaffen ɗaki suna cikin abin da yake tayar mini da nawa. Matata ta koma turara kaya a waje, muna kwana cikin gidan sauro, kuma ana yayyafa ruwa kafin a yi shara. Ƙurar hunturu kam ba mu da iko a kanta, sai dai rawani ko ƙyalle a hanci idan hazo ya yi yawa.

Maman_Halilu: Mun dawo daga asibiti yanzu. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce har yanzu akwai kuka a ciki duk da wasan da yake yi. Ya rubuta masa prednisolone na kwana 3, da abin shaƙa na safe da yamma, da pompon salbutamol tare da bututu, ya ce mu koma bayan mako 2. Na nuna masa na'urar, ya ce in ajiye ta, kuma idan har na kai ga kunna ta sau ɗaya to in kama hanyar asibiti a daren. Abin da ya rage mini shi ne Halilu ya ƙi yarda da bututun, yana ture shi yana cewa na'urarsa yake so saboda ya saba da ƙararta.

Uban_Tagwaye: Namu ma sun yi haka da farko. Ki ba shi bututun ya riƙe da rana lokacin da yake lafiya, ya yi wasa da shi ba magani, ki bar shi ya ƙirga numfashin da yatsunsa.

BaAdare77: Ni har yanzu ina ganin amfanin na'urar ga wanda ba ya iya riƙe bututu, kamar Baba da hannunsa yake rawa. Mun dai samu ranar ganin likitan zuciya, Laraba mai zuwa. Majo, kafin ranar mu daina kunna masa gaba ɗaya, ko mu ci gaba idan numfashin ya matsa masa da dare?

Majo_Yamai: Idan ya matsa masa da dare kada ku jira Laraba, ku zaunar da shi ku jingina shi da matasai, ku kai shi ɗakin gaggawa a daren tare da ledar magungunansa. Ka turo mini sunayen da ke jikin kwalayen in duba ko akwai propranolol a ciki.